Rigar Legas, Almakashin Kunci

  Iyayenmu da ke zaune a dakali an jingina rediyo da bango, Allah ya ƙara girma. Iyayenmu mata da ke cikin gida, sannunku da aiki. Manoman Kunci da Shuwaki da 'Yandadi da Gwarmai da Matan Fada, ku da kuka gama sharar gona, kuka kai taki, kullum ido yana gabas, Allah ya saukar mana da damina mai albarka.

Yau sharhin namu ba na taki ba ne, ba kuma na siyasa ba. Na riga ne. Na san wani dattijo zai ce, wannan yaro ya rasa abin faɗa. Ka yi haƙuri Baba, ka ba ni aron kunnenka, domin rigar nan ta riga ni shigowa gidanka. Tana cikin wayar jikanka.

Ranar Asabar 10 ga watan Mayun 2025 aka yi bikin raba kyaututtukan fina-finai da ake kira AMVCA, karo na 11, a otal ɗin Eko da ke Legas. Kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, shi ke shirya bikin tun 2013, kuma ana haska shi kai tsaye a tashoshin Africa Magic. Kafin a shiga zaure a fara kiran sunaye, akwai wata doguwar darduma da ake shimfiɗawa a bakin ƙofa. A kanta taurari ke tsayawa, masu hoto su yi ta haska su, a tambayi kowa wane ne ya ɗinka masa kayan da ya sa. Wannan tsayuwa ta 'yan mintoci ita ce ta iso gare mu. Sauran sa'o'in da aka kwashe a cikin zauren sun tsaya a Legas.

To, mutum nawa ne a ƙaramar hukumarmu ta Kunci, wadda yanzu takardun gwamnati ke kira Ghari, suka zauna gaban talabijin suka kalli bikin daga farko har ƙarshe? Da wace wutar? Gidan kallo a nan na ƙwallo ne. Ka ce wa mai gidan kallo ya sauya tasha daga wasan Firimiya ya sa bikin 'yan fim, ka ga yadda benci zai tashi sama. Abin da ya zo mana guntaye ne: hoto ɗaya, bidiyo na daƙiƙa ashirin, an yanke gaba an yanke baya, an ɗora masa waƙa ko wa'azi, ya bi Facebook da TikTok da WhatsApp har ya sauka a shagon mai caji.

Ku leƙa irin wannan shago bayan la'asar. Farantin sola a kan kwano, wayoyi jere a kan katako, kowace da 'yar takardar lamba manne a bayanta. Mai turi yana gaban kwamfuta, wannan ya ce a tura masa Labarina, wancan ya ce waƙoƙi. Samari huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Sai ga dattijo ya zo karɓar tasa, ya leƙa ta kafaɗarsu, ya ja da baya ya ce, "A'uzu billahi, duniya ta zo ƙarshe." Ya kama hanya, ya yi taku uku, sai ya juyo: "Kai yaro, mayar min da ta bayan nan in gani. Wannan mutum ce ko tsuntsuwa?" Aka fashe da dariya, har da shi. Bahaushe ya ce ana so ana kaiwa kasuwa.

Ba dariya nake wa dattijon ba. Abin da ya gani ya isa a yi a'uziyya. Akwai rigar da jelarta sai mutum biyu sun riƙe, akwai wadda mai ita ba ta iya zama a kujera, akwai mai fukafukai, akwai wadda an kashe yadi goma a ƙasa amma an rasa taku ɗaya da za a rufe ƙirji. Ni ma ina da 'ya'ya mata, kuma ba zan so in ga ɗaya daga cikinsu a irin wannan shiga ba. Addininmu ya ja layi a kan sutura, al'adarmu ta ƙara masa kunya, kuma babu wanda zai sa mu ba da haƙuri a kan haka. Wanda ya ce duk mai ƙyamar tsiraici baƙauye ne, to mun karɓa, ƙauyen ma muke.

Amma ku lura da abin da muke yi da hotunan. Galibin matan da ke kan dardumar nan ba 'ya'yanmu ba ne. Ba su taso a gidajenmu ba, ba su yi mana alkawarin hijabi ba, wasunsu ma ba addininmu ɗaya ba. Mun san haka. Shi ya sa ba su muke nema ba. Yatsa yana ta jan hoto sama, ana wuce wannan, ana wuce waccan, ana neman fuska ɗaya: ina 'yar Kannywood? Ta je? Me ta sa? Mayafin ya sauka kafaɗa ko yana ka? In aka same ta da shiga ta mutunci, sai a wuce kamar ba a gan ta ba. In aka ga wuya ko damtse, shi ke nan, an samu abincin mako guda.

Wannan ba sabon abu ba ne. A watan Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki tare da mawaƙin nan ClassiQ. A watan Nuwamban 2020 kuma ta saka hotunanta sanye da doguwar riga mai buɗaɗɗen baya, wani ya zo ƙarƙashin hoton ya rubuta kalaman ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ƙasa ta ɗauka. Ta fito ta nesanta kanta daga kalaman, ta cire hotunan, ta nemi gafara tana kuka. Kowa a cikinmu ya tuna wannan. Yanzu ga tambaya: a cikin waccan shekarar ta 2020, wace 'yar Kannywood ce ta ci kyautar gwarzuwar mataimakiyar jaruma ta nahiyar Afirka baki ɗaya a wani bikin daban mai suna AMAA? Maryam Booth ce, da fim ɗin The Milkmaid, wanda aka yi akasarinsa da Hausa, a kan 'yan mata biyu 'yan uwa da masu tayar da ƙayar baya suka raba da gida. Shekara ɗaya, mata biyu, sana'a ɗaya. Ɗaya an san launin rigarta har a rugar Fulani, ɗayar kuwa sai ka yi da gaske kafin ka samu wanda ya san ta ɗauko mana kambu.

Kuma fa ma'aunin namu mata kaɗai yake aunawa. Namiji ya je da wando ɗamamme, ko riga a buɗe har cibiya, ko aski mai zane, iyaka a ce "ɗan gayu". Samarin da ke tura hoton yarinya gida-gida suna rubuta "Allah ya shirya" a ƙarƙashi, su ne suka kai shi inda ita kanta ba za ta iya kai shi ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa runtse ido umarni ne da aka fara ba maza kafin a ba mata umarnin lulluɓi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bari in gaya muku abin da ya faru a cikin zauren, wanda mai turi bai tura ba.

A daren nan an kira sunan Sani Mu'azu, aka ba shi lambar girmamawa ta waɗanda suka daɗe suna yi wa harkar fim hidima, shi da Nkem Owoh, ɗan wasan barkwancin nan na ƙabilar Ibo. Sani Mu'azu mutumin Jos ne, tsohon shugaban MOPPAN, kuma duk mai kallon Kwana Casa'in a tashar Arewa24 ya san shi da Gwamna Bawa Maikada. Su biyun sun taɓa haɗuwa a fim ɗin Lionheart na Genevieve Nnaji a 2018. Dattijo Bahaushe ya hau dandamali a Legas, zaure ya tafa masa, amma a majalisunmu ban ji an ɗaga maganar ba ko sau ɗaya. Babu mamaki, ai babu abin zagi a jikinta.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Shekara da shekaru bikin nan yana da rukuni na musamman na fim ɗin Hausa, kamar yadda yake da na Yarabanci da na Ibo da na Suwahili. A wannan rukuni Ali Nuhu ya ci kyauta da Mansoor a 2018. A nan Abubakar Bashir Maishadda ya ci da Aisha a 2023. Daga 2024 sai masu bikin suka rushe wannan tsari, suka haɗe harsunan gida na Afirka ta Yamma gaba ɗaya a rukuni guda. Wato yanzu fim ɗin Hausa zai kara da na Yarabanci da na Ibo da na sauran harsunan yankin a kan kofi ɗaya. A 2024 Jagun Jagun na Femi Adebayo ya ɗauka. A 2025 Lisabi ya ɗauka. Duka biyun na Yarabanci ne, duka biyun an kashe musu kuɗi mai nauyi, duka biyun suna kan Netflix. Kujerar da aka ware mana an ɗauke ta tun 2024, muna can muna auna tsawon mayafi.

Wani zai ce ai son kai ne, 'yan kudu ne ke raba wa junansu. Ban ce babu ɗan abin da ba a rasa ba, biki a garinsu ake yi, kuɗin talla nasu ne. Sai dai wannan rukuni yana cikin waɗanda masu kallo ke kaɗa wa ƙuri'a ta intanet. Yarabawa suna fitowa ƙwansu da ƙwarƙwatarsu su zaɓi nasu. Mu kuwa, da muke alfahari da cewa Hausa na cikin harsunan da suka fi yawan masu magana a Afirka, daga Kano har Maraɗi har zangon Kumasi har Sudan, datar da muka ƙone wajen zagin riga ko rabinta ba mu kashe wajen zaɓen fim ba. Yawancinmu ba mu ma san ana zaɓe ba.

Kuma ba wai ba mu da abin nunawa ba ne. Sau biyu cikin 'yan shekarun nan fim ɗin da Najeriya ta aika gasar Oscar ta Amurka da Hausa aka yi shi: The Milkmaid da na ambata, sai Mai Martaba na Prince Daniel Aboki a 2024, wanda aka ɗauka a Daura, Adam A. Zango na cikin jaruman. Dalili kuwa a bayyane yake. Dokar wannan rukuni na Oscar ta ce dole akasarin maganar fim ta kasance ba da Turanci ba, abin da ya sa aka fitar da Lionheart daga gasar a 2019. Fina-finan Hausan biyu ba su kai ga ci ba, amma harshen da muke ciniki da shi a kasuwar Shuwaki shi ya wakilci ƙasar nan a gaban duniya.

Me ya sa duk da haka muke baya? Amsar doguwa ce, zan taɓa ta sama-sama. Tun Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, harkar nan a kan ƙaramin jari ta tashi, kuma a kansa take. Kaset ya mutu, faifai ya mutu, masu satar fasaha da turi sun cinye abin da ya rage, yanzu kowa ya koma fim mai dogon zango a YouTube yana jiran abin da talla za ta kawo. A 2016 gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 3 don gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, aka yi ca, aka janye. Hukumar tace fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, a watan Mayun 2025 ma ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, kan cewa ba a kawo mata su ta duba ba kafin a sake su. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma ba yau zan raba wannan gardama ba. Abin da na sani shi ne, sana'ar da kullum take kare kanta daga duka ba ta samun sukunin gyara kyamara.

Yanzu mu dawo kan rigar, domin ban gama da ita ba. A gaskiya ma nan ne zuciyar maganata.

Dardumar nan da muke gani, kasuwa ce. Kamar dai yadda mai atamfa ke rataye mafi kyawun turminsa a bakin rumfa ranar kasuwa don ya tsayar da mai wucewa, haka telolin Legas ke rataye aikinsu a jikin taurari. Shi ya sa tambayar farko da ake yi wa kowace ita ce wa ya ɗinka. Ta faɗi suna, kafin gari ya waye sunan ya zaga duniya, amare daga Abuja da Landan da Amurka sun fara kiran waya. Yawancin rigunan nan ba na zuwa ko'ina ba ne, na dare ɗaya ne, kuma sau da yawa yarjejeniya ce tsakanin tela da tauraruwa: ke ki sa, ni in samu suna. Wanda ya ƙirƙiro riga mai fukafukai ya san babu mai zuwa gidan suna da ita. So yake a yi magana, kuma mun yi masa, kyauta.

To, a wannan kasuwa, ina rumfar Kano?

Ku tuna ko mu su wane ne a harkar tufa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne saƙa da rini. Ya rubuta yadda tufar Kano ke tafiya har Timbuktu, har Gat da Murzuk, har Tarabulus a bakin teku. Audugar a gonakin karkara irin namu ake noma ta, mata su kaɗa zare a tsakar gida da mazari, masaƙa su saƙa, marina su tura a baba, mabuga su buga har ta yi ƙyalli. Karofin Ƙofar Mata yana nan har yau. Turkuɗin Kura shi Buzaye ke naɗawa a Agadas. Muna da saƙi, muna da tsamiya, muna da barage. Muna da aska takwas da aska biyu da malum-malum, aikin allura da mutum zai yi wata da watanni a kan gaban riga ɗaya. Mu ba baƙin ado ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Daushe ya ga alkyabba da rawani da kayan doki ya san Bahaushe ya iya fita kunya a gaban taro, kuma a watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali.

Amma yau ɗauki babbar rigar da jarumin Kannywood zai sa ya je Legas. Shaddar Getzner ce, daga garin Bludenz na ƙasar Ostiriya. Atamfar da jaruma za ta ɗaura, in mai tsada ce daga Helmond ta ƙasar Holan ta fito, in mai sauƙi ce daga Sin. Masaƙar Kaduna ta KTL da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007, na Kano da ke Bompai da Sharaɗa da Challawa akasari sun zama kango ko sito. Kantin Kwari na nan cike maƙil, ana zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru, amma kayan da ke ciki mafi yawa daga jirgin ruwa aka sauke su. Abin da ya rage a hannunmu shi ne almakashi da allura. Kuma wallahi ba ƙaramin abu ba ne.

Ku zo mu shiga shagon tela a nan cikin garin Kunci, a lokacin da babbar salla ta ƙarato. Keken ɗinki biyu, ɗaya na ƙafa, ɗaya na surfani da ke jiran janareta. Ƙyallaye a ƙasa, alli a bayan kunne, ledojin ɗinki an rubuta sunan mai kowace a jiki. Yarinya ta shigo da atamfarta, ƙanwarta na biye, ta miƙa waya: "Malam, irin wannan nake so." Tela ya karɓa, ya buɗa hoton da yatsa biyu, ya daɗe yana kallo. Rigar Legas ce, ta daren nan. Ba ya a'uziyya, ba ya wa'azi, lissafi yake. Sai ya ce, "Wannan tattarar ta ƙugu za ta yiwu. Hannun zan sauke miki shi har wuyan hannu, in yi masa buɗaɗɗen baki. Bayan zan rufe. Wuyan in ɗaga shi, in bi shi da dutse. Jelar nan kuwa a bar wa masu mota, ke da za ki bi ta lungu ga kwata." Yarinya ta ce, "To kar dai ya fita daga yayi." Ya ce, "In Hajiya ta kore ki da shi, ni za a zo wa."

Jama'a, duk sharhin da aka yi a kan bikin nan, daga kan mumbari har zuwa Facebook, ban ga wanda ya kai na wannan tela hikima ba. Ya kalli abin baƙo bai tsorata ba, bai kuma rusuna masa ba. Ya ɗauki abin da zai ɗauku, ya zubar da saura, ya fitar da rigar da yarinya za ta sa ta gaida kakarta ba a kore ta ba, ta kuma je gidan ƙawarta ba a yi mata dariya ba. Abin da telolinmu ke yi ke nan kullum, daga nan har Bichi da Ɗambatta da Kazaure, ba wanda ya taɓa kiran sunansu a talabijin.

Haka matan da ke ɗinkin hula a cikin gidajenmu. Tana zaune a kan tabarma bayan ta sauke tukunya, zare a baki, allura na shiga tana fita, mako biyu ko uku a kan hula ɗaya. Dillali ya zo ya karɓa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, a kai birni a wanke a buga a ɗora a kan gwangwani, farashi ya ninka. Wataƙila hular da wani jarumi ya kafa a gaban kyamarorin Legas daga irin wannan ɗaki ta fito. In aka tambaye shi wa ya yi masa kaya, me zai ce? Zai ambaci kantin da ya saya a Abuja, in ma ya ambata.

Ga wani gefen da dole in taɓa, don iyaye mata sun sha yi min ƙorafinsa. Hoton dare ɗaya yana zama bashin shekara. Yayi ya fito, anko ya sauya, lefe ya ƙara akwati. Manomin da bai gama biyan kuɗin taki ba, ga 'yarsa ta kawo hoton leshin da ƙawayen amarya suka fitar. A sayar da tunkiya, a taɓa buhun geron da aka ajiye don bazara. Ita wadda aka kwaikwaya ta mayar da tata rigar wurin tela tun washegari. A wurina wannan ya fi buɗaɗɗen bayan wata baƙuwa hatsari ga gidajenmu, domin shi ba ya zuwa da siffar da za a yi masa a'uziyya. Da sallama yake shigowa, a rufe ruf, da mayafinsa.

Saboda haka ina da magana da 'yan Kannywood, maza da mata, in akwai mai jin mu a cikinsu. Ku riƙa zuwa irin waɗannan bukukuwa, kar ku ƙaurace. Wanda ba ya wurin rabo ba a tuna shi, kuma kun ga yadda aka yi da kujerarmu. Amma in za ku je, ku je da namu. Ba sai kun yi gasar jela da 'yan Legas ba, ba za ku fi su ba, kuma ba a nan ƙarfinku yake ba. Jaruma ta fita da saƙi da aka yi wa ɗinkin zamani, ko rinin Ƙofar Mata, da lalle a hannu, da ɗaurin ɗankwalin da sai an tsaya an kalla. Jarumi ya fita da aikin hannu na Zariya. In aka miƙo makirufo aka ce wa ya ɗinka, ku faɗi sunan telan da unguwarsa da garinsa, da ƙarfi, yadda su ma suke faɗin nasu.

Ga Ali Nuhu kuma, wanda tun watan Janairun 2024 yake shugabantar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, ranka ya daɗe, kai ka taɓa riƙe wannan kofi na rukunin Hausa da hannunka. Ba hukumarka ke shirya bikin ba, mun sani, na kamfani ne mai zaman kansa. Amma muryarka tana isa inda tamu ba ta isa. Kamfanin da ke da tasha sukutum mai suna Africa Magic Hausa, yana karɓar kuɗin Hausawa duk wata, ya kamata a tambaye shi dalilin da ya sa fim ɗin Hausa ba shi da rukuninsa.

Mu ma a gida muna da inda za a fara. Akwai bikin KILAF na fina-finan harsunan Afirka da ake yi a Kano, akwai na Zuma a Abuja. Me zai hana a ware kyauta ta tela, da ta mai ɗinkin hula, da ta marini, a kira su dandamali kamar yadda ake kiran jarumai? 'Yan kasuwar Kantin Kwari da ke ɗaukar nauyin gasar ƙwallo da musabaƙa, wannan talla ce da ta shafi rumfarsu kai tsaye, ban ga abin da zai hana su sa hannu ba.

Mai kula da na'ura yana ɗaga min hannu, lokaci ya cimma mana. Wanda ke da ɗinki a wurin tela ya je ya biya kuɗin aiki tun da wuri, kar a bari sai daren salla a zo ana zage-zage a ƙofar shago.